Maigida ya kulle littafin 'yarmu, kuma ni kaɗai na san abin da ke ciki

Assalamu alaikum Adda. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana.

Ɗinki nake yi a gida. Na yi makaranta har na zana BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kafin a yi mini aure. Maigidana yana da shagon yadi, yana zuwa Yola da Kano saro kaya. Ya yi karatun allo mai zurfi, amma bai yi na Faransanci ba. 'Yarmu ta fari shekararta 12, bana ta shiga siziyem, ajin farko na sakandare. A hannun mahaifiyata ta tashi, sai bara da Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa ta dawo wurinmu.

Kwanakin baya ta zo da wani littafin Faransanci da ta aro wurin 'yar ajinsu. Labarin wata yarinya ce da mutanen ƙarƙashin dutse suka sace wa ƙane, ta bi sawunsa tsibiri bayan tsibiri, tare da wata dila mai magana da wata fitila da ba ta kamawa sai an faɗi wasu kalmomi. Kullum tana maƙale da shi, har cikin gidan sauro da tocila. Sai na fara ɗauka in ta tafi makaranta don in ga mene ne. Adda, ban san lokacin da na ajiye ɗinkin mutane na karance shi tas ba. Rabona da jin daɗin karatu haka tun ina budurwa.

Wata Juma'a ƙanen maigida ya zo cin abinci, ya ga bangon: dabba mai fukafukai da yarinya riƙe da wuta. Ya ce littafin tsafi ne, da irinsu Turawa ke lalata imanin yara. Maigida ya karɓe. Zuciya ta ɗebe ni na ce a gabansu, "Ni na karanta, babu komai a ciki. Ku da ba ku karanta ba me kuka sani?" Bai ce uffan ba. Ya tafi da shi shago ya kulle. Mako biyu ke nan, tsakanina da shi sai gaisuwa.

Gaskiya kuma ba "babu komai" ba ne. Abu biyu sun tsaya mini a rai. Yarinyar labarin tana yi wa manya ƙarya, kuma kullum ƙaryar ce ke fisshe ta. Sannan akwai babin da ta je wani tafki ta kira uwarta da ta mutu, uwar ta fito ta nuna mata hanya. Shafukan wurin duk sun lanƙwashe, alamar an sha buɗe su. Wannan ban faɗa masa ba, don na san in ya ji, magana ta ƙare.

Yanzu 'yarmu ba ta cin abincin kirki, ba ta kula kowa. Mai littafin ta ce ko a mayar mata ko a biya jaka shida. Ni kuma kin san tsakanin uwa da 'yar fari, ban iya zama in yi hira da ita ba. In gaya masa gaskiyar abin da na gani, ko in tsaya a kan maganata? Kuma laifi ne da littafin ya burge ni?

Wata ƙanwarki, Garwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta.

Bari in fara sallamar tambayarki ta ƙarshe, don ita ce mai sauƙi. Babu laifi don labari ya yi miki daɗi. Matar da ke wuni tsakanin keken ɗinki da murhu ta samu abin da ya ɗauke mata hankali, ta kuma gane Faransancinta bai tsere ba, ni murna na taya ki. Masu ɗinkin da kika ajiye ne kawai ke da ta cewa.

Ta farkon kuwa, amsata ita ce ki gaya masa, kuma ki gaya masa duka, sai dai ba da wannan za ki fara ba. Ki duba gidan naku: manya uku ke jayayya a kan littafi guda, mutum ɗaya ce ta buɗe shi ta kai ƙarshe. Baffan yara bango ya gani, maigida maganar ƙanensa ya ji, ke kaɗai ce shaidar gani da ido. Abin da ya raunana shaidarki shi ne rabi kika bayar. Mijinki mai sayar da yadi ne. In mai kawo masa kaya ya rantse cewa bandir lafiya lau yake, ya zo warwarewa ya tarar da tabo a tsakiya, bandir zai koma, mutumin ma ya fita daga ransa. Da tun farko an ce masa ga tabo a wuri kaza, saura garau, da ciniki zai yi. Maganar tafkin nan kuma ba mai ɓoyuwa ba ce. Littafin yana shagonsa, a kasuwa kuwa ba a rasa yaron shago ko maƙwabci mai jin Faransanci da zai buɗe ya karanta masa. Ran da ya ji daga bakin wani, duk abin da kika ce kin duba wa yara nan gaba ba zai ƙara ɗauka ba.

Ki ɗan sa kanki a matsayinsa. 'Yarsa tana kwana da wani abu a harshen da ba ya ji, ba shi da halin ɗauka ya duba, ya kuma san kowa makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Tsoronsa ba na banza ba ne. Sihiri yana cikin zunubai bakwai masu halakarwa a hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, aya ta 102 a Baƙara kuma ta ce masu koyonsa abin da ke cutar da su suke koya, ba mai amfaninsu ba. Mai karatu irinsa zai iya tuna abin da masu tafsiri suka kawo a kan aya ta 6 ta Suratu Luƙman: Nadru ɗan Harisu, wanda yake kawo hikayoyin Farisa na su Rustumu da Isfandiyar, yana tara Ƙuraishawa da su don ya janye su daga sauraron Alƙur'ani. A saninsa, labarin baƙi ya taɓa raba mutane da karatu. Uban da zai ga abin da bai gane ba a hannun 'yarsa ya ce ba ruwansa, ni shi na fi jin tsoro.

Amma ina zaton shirun da yake miki ba na littafin ba ne. "Ku da ba ku karanta ba me kuka sani?" Ke wannan littafin kike nufi, shi kunnensa wani abu dabam ya jiyo. A ƙasar nan mutum zai sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, ya riƙa lissafin miliyoyi da ka, amma in ya je ofis aka miƙo masa takarda sai ya nemi ɗan makaranta, ma'aikaci kuma ya ɗauke shi wanda bai yi karatu ba. Ya saba haɗiye wannan a waje. Ranar Juma'ar nan a cikin gidansa ya ji ta, daga bakin matarsa, a gaban ƙanensa.

Baffan yara kam ya yi gaggawa. Ba a yanke wa littafi hukunci da bango, kalmar tsafi kuma ba a jefa ta haka kawai a kan abin da yarinya ke riƙe da shi, don ji za ta yi kamar ita aka kira matsafiya. Duk da haka kada ki mayar da shi abokin gaba. Baffa ne, yana da bakin magana a kan 'yar wansa. Ki bar shi gefe kawai, gyaran tsakaninki da mijinki ne.

To, shi littafin fa? A yadda kika kwatanta shi, labari na gani, ban ga littafin tsafi ba. Na tsafi aiki yake koyarwa: ga hatimi, ga sunayen da za a kira, ƙafa kaza, a dare kaza, da turare kaza, don a mallaki wane ko a raba wance da wane. Irinsu suna nan ana baza su a kasuwanninmu, kuma galibi ba da Faransanci aka rubuta su ba. Kalmomin da marubuci ya ƙaga yana zaune a teburinsa, yarinya mai shekara 12 ta san ko ta kwana tana faɗa wa fitilarku su ba za ta kama ba. Balle ita da kaka ta raina, ai ta sha jin Gizo yana yi wa Ƙoƙi wayo, Dodo yana haɗiye mutane, a rufe da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya".

Muna kuma da namu a rubuce. A 1933 aka yi gasar rubuta littattafan Hausa a Zariya, a 1934 aka buga waɗanda suka yi fice. Cikinsu akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda jarumin ya zaga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki har ya dangana da ƙasar aljanu, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, wanda shi ma jaruminsa daga yaƙi da Turawa sai da ya ɓulla cikin aljanu. 'Ya'yan gidan malamai ne suka rubuta su, Bello Kagara har Walin Katsina ya zama, an kuma yi shekara da shekaru ana karanta su a makarantun arewacin Najeriya. In kuwa ƙarya da wayo ne, jarumin Ruwan Bagaja da abokin burminsa Malam Zurƙe sai su sa yarinyar littafinku a aji. In misalin zaure ne zai fi shiga kunnen maigida, ga Muƙamar Hariri da manyan ɗalibai ke karantawa don lugga. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, labarai 50 ɗin nan kuma a kan wani ƙagaggen tsoho ne, Abu Zaid, mai yaudarar mutane da zaƙin baki. Shi kansa ya san za a soke shi, shi ya sa tun a gabatarwa ya kare kansa da cewa an daɗe ana sa magana a bakin dabbobi don koyarwa, ba wanda ya kira shi zunubi.

Dabbar da ke bango kuwa, akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito. Manzon Allah (SAW) ya dawo daga tafiya, iska ta ɗaga labulen da ya rufe 'yan tsanar Nana A'isha, ya hango doki mai fukafukai biyu na ƙyalle a tsakiyarsu. Da ya tambaya, doki da fukafukai? Sai ta ce, ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har turamensa suka bayyana.

Kada dai ki kwashi waɗannan ki je ki jera masa kamar a gaban alkali. Hadisin dokin maganar bango ya amsa, bai taɓa fitila ko tafki ba. Malamai kuma sun rabu. Akwai masu ganin ƙagaggen labari halas ne matuƙar kowa ya san ƙage ne kuma bai kira zuwa ga ɓarna ba, akwai masu ƙyamar duk labarin da ya ƙawata sihiri ya sa shi a hannun jarumi, ko da wasa ne. Ni ina tare da na farko in akwai babba kusa da yaron. In mijinki ya bi na biyu, ba jahilci ya bi ba.

Inda na fi daɗewa a wasiƙarki shi ne shafukan da suka lanƙwashe. Mai yiwuwa mai littafin ce ta lanƙwasa su, ko wasu da suka ara kafin 'yarki. Amma ki haɗa da abin da kika faɗa a sama kika wuce: tsohuwar da ta raine ta ta rasu bara. A wurin yarinyar nan, uwa ce ta mutu. Cikin ɗan lokaci ta rasa wadda take kwana a bayanta, ta bar ɗakin da ta sani, ta dawo gidan da uwa ke kunyar kiran sunanta, ta shiga sabuwar makaranta. Da aka yi rasuwar ke aka yi wa gaisuwa, ke aka taya zama har sadakar bakwai, ita kuwa da wuya in ba aike aka yi ta yi mata ba, kawo ruwa, kai tabarma. Sai ga littafi da wata yarinya ta je bakin ruwa ta kira wadda ta rasa, aka amsa mata. In 'yarki ce ke komawa shafukan nan, kewa ce ke mayar da ita.

Shi ya sa nake ganin babin da kike tsoron faɗa wa maigida shi ne ya fi kamata ya ji. Ki gaya masa abin da ke ciki, ki gaya masa ke ma bai kwanta miki ba, sannan ki ce kina zaton yarinyar nan kewar kakarta ke cin ta ba ku lura ba. Uba ne fa. Kuma a nan ne karatunsa zai yi aikin da Faransancinki ba zai yi ba. Shi zai zaunar da ita ya gaya mata cikin lallami cewa wanda ya tafi ba ya dawowa, akwai shamaki tsakaninmu da su har ranar tashi, kamar yadda ya zo a aya ta 99 da ta 100 ta Suratul Muminun, amma addu'a tana isa gare su, sadaka ma tana isa. Ke kuma ki ba ta abin yi da hannunta. Ranar Juma'a ku soya waina tare, ita ta miƙa wa almajirai da niyyar ladan ya kai ga kakarta.

Ƙaryar jarumar ba ta tayar mini da hankali sosai ba. Yawancin labaran kasada na yara haka ake gina su, sai an kawar da manya kafin yaro ya samu filin jarumta. Da yarinyar ta gaya wa babba gaskiya a shafi na 10, cewa zai yi ta zauna a gida, labari ya ƙare. Dabarar marubuta ce, maganinta kuma tambaya. Ki tambayi 'yarki wace ƙarya ce a ganinta dole ta sa, wacce ce son rai, kuma da ƙanenta ne ya ɓata wa za ta fara gaya wa. Daga amsarta za ki gane abin da ta kwasa. Ki lura kuma, ku biyun duk a ɓoye kuka karanta shi, ita da dare, ke da rana.

Na san kunyar 'yar fari, ba kuma zan ce ki yar da ita ba. Amma kunya kiran suna ta hana da nuna so a gaban mutane, ba ta hana kitso ba. Ki zaunar da ita ki tsefe mata kai, tana kallon gaba kina bayanta, babu haɗa ido. A nan ki ce, wai ni dilar nan, ke kin yarda da ita tun farko? Daga dila a gangara tafki, daga tafki a gangara kan tsohuwa, ke ma ai uwa kika rasa. In baki ya yi miki nauyi, ki sa wata innarta ko goggonta da take sakin jiki da ita ta fara. Ko ta wace hanya aka bi, kada ta ji wata kalma daga bakinki mai rage wa babanta daraja, ko da kina ganin bai kyauta ba.

Da maigida kuwa, haƙuri ne farko, ku biyu kaɗai, bayan ya ci ya huta, ba ranar da ya dawo daga tafiya ba. Ki ba shi haƙuri a kan wurin da kika yi maganar da irin lafazin da ya fito, ki tsaya nan, kada ki biyo da "amma". Kada kuma ki ce littafin banza ne don ki faranta masa, wata ƙaryar za ki sake ɗora wa kanki.

Bayan kwana ɗaya ko biyu sai maganar amana, wadda ba ta da gardama. Littafin kayan aro ne, na 'yar mutane, kuma mijinki ba sai an tuna masa hukuncin aro ba. Ki roƙe shi a mayar wa mai shi. Tunda ba hannun 'yarku zai koma ba, hukuncinsa bai rushe ba, zai yi masa sauƙin yarda. In ya ce ba zai miƙa wa wata yarinya abin da yake zargi ba, a kai wa iyayenta su yanke nasu, ko a biya jaka shidan. Kada a bar 'yarki da wannan nauyi. Baƙuwa a aji, a ce ta ci littafin mutane, wannan kaɗai ya isa ya hana ta cin abinci.

Kafin littafin ya tafi, ki nemi ya ba ki dare biyu ko uku ki ba shi labarin da Hausa, daga farko har ƙarshe, yana tsayar da ke inda ya so. Babin tafkin ki fassara masa layi-layi. Kada ki yi mamaki in ya tambaye ki ko an samo ƙanen. In ya fi so a ji ta bakin malami, ki yarda nan take, da sharaɗin malamin ya san abin da ke ciki tukuna, ko ya karanta da kansa in yana jin Faransanci, ko a ba shi labarin cikakke. Malamin da ku biyu kuka yarda da shi, ba Baffa ba, shi ya riga ya faɗi nasa.

Akwai kuma hujjar da ɗan kasuwa zai saurara, tunda shi ke biyan kuɗin makaranta. Yaranmu da Hausa da Fulatanci suke tashi, sai su je aji a koya musu komai da Faransanci, har lissafi. Wanda bai taɓa karanta komai ba sai abin da malam ya rubuta a allon aji, a shifta da insha'i ake gane shi. 'Yarku ta duƙufa a kan littafi sukutum ba wanda ya sa ta. Ki ɗauko takardun sakamakonta ku duba makin Faransanci tare. In ya hau, ya gani da idonsa, in kuma sauran darussa sun sauka saboda kwanan tocila, ke ma kin ga abin gyara. Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa ce, da harshen nan ta yi rubutu har ta ci kyautar adabi ta Goncourt, wadda ɗaliban babbar sakandare ke zaɓa, a Faransa a 2020. Wannan ke nake gaya wa. Ba sai kin kai masa ba, littafin nata a kan auren dole da zaman kishi yake, kada a tayar da wata rigimar.

In ya sassauta, ki zo masa da tsari kafin ya nema. Duk littafin da zai shigo gidan ya bi ta hannunki, ki karanta, ki gaya masa mai daɗi da marar daɗi, shi ya yanke. Karatun labari sai bayan hadda da aikin makaranta, a inda kowa ke gani, tocila a gidan sauro ta ƙare ko don idonta. Irin waɗannan littattafai sau da yawa jeri ne, kuma a wasu, abin tsoro da soyayya suna ƙaruwa yayin da jaruman ke girma, don haka izinin da aka ba wannan ba ya wuce kansa. Ki yi rajista da sunanki a ɗakin karatu na Alliance, cibiyar Faransanci da ke nan Garwa, ki riƙa zaɓowa da kanki, ku daina dogara da abin da ya fito daga jakar 'yan aji.

In kuma ya ji duka ya ce a'a, to a'a ɗin ce a kan wannan littafin. Kada ki saya mata a ɓoye, kada ki kawar da kai ta karanta a gidan ƙawa, in ba haka ba abin da kika ƙi a jarumar shi za ki koya mata da hannunki. Sai dai ki nemi ya fayyace iyakar hanin: sihiri ne ba ya so, ko labari gaba ɗaya? In na farkon ne, akwai labaran tafiye-tafiye, na dabbobi, na tarihi, da ba ruwansu da fitila mai jin magana. Ki nuna masa kuma, ba da sigar barazana ba, cewa yarinyar da aka hana takarda waya za ta koma, ta ƙawa ko ta wani, inda babu bangon da Baffa zai gani balle uwa ta riga ta karantawa. Tunda yana zuwa Kano, ki roƙe shi ya sayo mata Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja da hannunsa. Wadda ta iya karanta Faransanci, cikin 'yan kwanaki za ta saba da ƙ da ɗ da ɓ, ta riƙa karanta masa da yamma a harshen da zai iya tsayar da ita ya ce ba haka ake faɗa ba. Aljanun ciki kuma ya yanke musu hukunci da kansa. Bayan zango guda, in hankali ya kwanta, a sake duba maganar wancan.

Abu guda ne ba zai jira duk wannan ba, cin abincinta. Mako biyu ya riga ya wuce fushin yara na yau da gobe. In aka ƙara mako tana ture kwano, ko kika ga tana ramewa, ba ta barci, tana kuka ita kaɗai, ko malamanta suka ce ta canza, ki gaya wa babanta a ranar, ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Ku kai ta asibiti a duba ta, ku kuma gaya wa likitan maganar rasuwar.